Tsayayyen Samfuri da Mai Sabuntawa Kullum a Linux

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta, wato kanel, a 1991. Ƙungiyoyi da kamfanoni ne ke haɗa kanel ɗin da dubban manhajoji su fitar da nasu samfurin, kamar Debian da Ubuntu da Fedora da Arch. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka bambanta su shi ne tsawon lokacin da sabon abu ke ɗauka kafin ya iso hannun mai amfani.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da rassa uku. Sabuwar manhaja takan fara sauka a reshen unstable, wanda ake wa laƙabi da sid. In ta yi kwanaki ba a ga wata babbar matsala ba, sai ta wuce reshen testing. Kusan duk bayan shekara biyu akan rufe ƙofar testing na tsawon watanni, a daina karɓar sabo, a duƙufa kan gyaran kurakurai, sannan a fitar da shi da sunan stable, wato tsayayye. Haka aka fitar da Debian 12 a Yunin 2023, da Debian 13 a Agustan 2025. Ubuntu ma tana fitar da samfurin dogon zango a watan Afrilu duk shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, tana kula da kowanne shekara biyar.

Mutane da yawa na ɗauka tsayayye na nufin marar kuskure, alhali abin da ake nufi shi ne ba ya canzawa. Yadda ka bar shi jiya haka za ka tarar da shi yau, in ban da ɓarakar tsaro da ake toshewa da ’yan gyare-gyare. Ƙaramin kuskuren da ya shigo da shi ma yana iya zama tare da kai har samfuri na gaba.

Arch, wadda Judd Vinet ya fara a 2002, da Tumbleweed ta openSUSE ba su jiran wata ranar fitarwa, da zarar sabo ya fito an ɗan gwada sai a turo. Fedora tana tsakiya: samfuri duk wata shida, kulawa ta kimanin wata 13.

A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ƙofar sirri, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfuta, da aka dasa a cikin xz, manhajar matse fayil, a lamba 5.6.0 da 5.6.1. Ta riga ta shiga sid da testing da Tumbleweed, amma ba ta taɓa tsayayyen Debian ba, domin yana kan tsohuwar lamba. Jinkirin da ake kuka da shi ne ya kare shi a lokacin.

A Zariya lissafin yana da nasa nauyin. Mai shagon buga takardu a Samaru, daura da Jami’ar Ahmadu Bello, lokacin da ɗalibai ke rububin haɗa kundin kammala karatu, ba abin da yake tsoro kamar ya kunna kwamfuta da safe ya tarar firinta ta daina amsawa saboda sabuntawar daren jiya. Ga kuma data: mai Arch yakan sauke ɗaruruwan megabait a kai a kai, kuma in ya bari suka taru aikin ya fi wuya, don ba a yarda a sabunta wani ɓangare a bar wani ba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya kanel, a laftof na hannu da batirinsa ya mutu, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. A ganina duk na’urar da ake cin abinci da ita, ko ta ɗakin koyon kwamfuta da mutum ɗaya ke kula da guda talatin, tsayayyen samfuri ne ya dace da ita.

Amma tsufa ma yana da nasa ciwon. Ɗalibin da ya sayi sabon laftof zai iya ɗora Debian ya ga Wi-Fi ba ya aiki, saboda kanel ɗin ya girmi na’urar. Mai koyon rubuta manhaja kuma yakan buƙaci sabon Python, harshen rubuta manhaja, da tsayayyen samfuri bai kawo ba tukuna. Irin waɗannan sukan koma Fedora, ko su zauna a Debian su ɗauko sabon kanel daga rumbun backports, inda Debian ke ajiye sababbin manhajojin da aka daidaita wa tsayayyen samfuri, su kuma ɗora sababbin manhajoji irin su LibreOffice ta hanyar Flatpak, wadda ke ajiye kowace manhaja da kayan aikinta a gefe ba tare da ta taɓa gindin tsarin ba.