Nasiha ɗaya ba ta shiga kowa iri ɗaya

Nan Sakkwato mun daɗe muna ɗauka in ka yi ma yara biyu nasiha ɗaya dole su shiryu tare, in guda ya kauce sai a ce taurin kai ne. Wallahi ba haka ba ne. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya sa 0.506 a kwamfuta maimakon 0.506127, hasashen ya sauya gaba ɗaya. Masu ba da shawara sun ɗauki darasin nan, cewa ɗan ƙaramin bambanci yakan girma. Wanga yaro ya kwana da yunwa, wancan an yi mai tsawa gaban abokai, ina maganar za ta shiga ɗaya? Fara tambayar kowane yaro halin da yake ciki tukuna, gwada ƙaramin gyara kamar lokacin barci, bayan sati ka sake dubawa.