Gwajin sankarar mama da matakan kariya a Kaduna

Sankarar mama, wadda ake kuma kira dajin mama, ita ce sankarar da aka fi samu a tsakanin matan Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano ta a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, ta kuma yi ajalin kimanin 670,000.

Tarihi

Ana ganin bayani mafi daɗewa a kan ƙarin mama yana cikin wani rubutun likitanci na tsohuwar Masar, wanda aka kwafa wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1913 wani likitan fiɗa Bajamushe, Albert Salomon, ya ɗauki hoton naman maman da aka yanke wa majinyata, kuma daga irin wannan aiki ne aka samo hoton mamogiram, wato hoton X-ray na mama da ake ɗauka domin gano ƙari. An fara babban gwajin amfaninsa a birnin New York a 1963. A 1985 aka ware watan Oktoba a Amurka domin wayar da kai, al'adar da ta iso Nijeriya daga baya.

Hanyoyin gwaji

Mace tana iya duba kanta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi tsarki daga al'ada. Za ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannuwa, sannan ta kwanta ta bi maman da cikin yatsunta uku na tsakiya, tana kewayawa har zuwa hammata. Abin da ake nema shi ne ƙullutu mai tauri, wanda sau da yawa ba ya zafi, ko shigewar kan mama ciki, ko fitar jini daga gare shi, ko fata ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo. Masana sun saɓa kan ko duba kai kaɗai yana rage mace-mace.

Mamogiram an fi ba da shawararsa daga shekara 40 ko 50, gwargwadon ƙa'idar kowace ƙasa, yayin da sikanin na'urar sauti (ultrasound) ya fi dacewa da masu ƙananan shekaru. Ba a tabbatar da cutar sai an ɗebi ɗan nama an gwada, kuma yawancin ƙullutun da ake samu ba sankara ba ne.

Halin da ake ciki a Kaduna

Ana tura masu cutar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke cikin gari, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Babbar matsalar ita ce makara, domin mata da yawa ba sa zuwa sai ciwon ya fashe. Kunya da tsadar magani da tsoron yanke mama suna cikin dalilai, haka nan maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura, wadda ke sa a ɓata watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Mai shayarwa kan ɗauka ruwan nono ne ya daskare, alhali duk ƙullutun da ya ƙi bajewa ya kamata likita ya gani.

Kariya

Shayarwa mai tsawo, wadda Hausawa suka saba yi har kusan shekara 2 kafin yaye, tana rage haɗarin, haka ma motsa jiki, da guje wa ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da nisantar giya da taba. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi cutar ya dace ta sanar da likita, a fara duba ta da wuri.