Zaɓen kayan kwamfutar wasa ta tebur a Yamai

Kwamfutar wasa ta tebur ita ce wadda aka haɗa musamman don wasannin bidiyo masu nauyi, irin su EA Sports FC, GTA V da Call of Duty. Abin da ya raba ta da ta ofis shi ne katin hoto mai zaman kansa, da akwatin wuta mai ƙarfi, da isasshiyar hanyar fitar da zafi. A Yamai, inda aka fi ce wa kwamfuta ordinatar, wani kan saye ta haɗaɗɗiya daga kamfani, kamar HP Omen, Lenovo Legion ko Alienware na Dell, wani ya ɗauki wadda mai shago ya harhaɗa, wani kuma ya tara kayan ɗaya bayan ɗaya ya kai wa mai gyara. Harhaɗawar tana yiwuwa ne saboda ma'aunin ATX da Intel ya fitar a 1995, wanda ya daidaita girman uwar allo, wato babban faifan da ake soka sauran kayan a jikinsa, da ramukan kusoshi da wayoyin wuta, har kayan kamfanoni daban-daban suka iya zama a gida ɗaya.

Yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Mai saye a Yamai yana da ƙarin lissafi: zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta. Waɗannan sukan sauya abin da ya kamata a fara zuba wa kuɗi.

Katin hoto

Shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, kuma shi ya fi kowane kaya tsada. Masu gyara suna ce masa kart girafik. Kamfanoni uku ke ƙera ƙwaƙwalwarsa: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, wanda ya gaje ta bayan ya sayi ATI a 2006, sai Intel da ya shigo da Arc a 2022. A sunan katin Nvidia, lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe kuma matsayi. RTX 3060 na zamanin 30 ne da ya fara a 2020, a matsayi na 60, wato tsaka-tsaki. Zamanin 40 ya zo a 2022, na 50 a 2025.

Suna kaɗai ba ya isa, domin akwai katunan da suka yi tarayya a suna suka bambanta a ciki. GTX 1060 ta 2016 ta fito iri biyu, mai giga 3 da mai giga 6 na wurin ajiyar bayanai a cikin katin, kuma ƙaramar an rage mata ƙarfin lissafi ma. RTX 3060 akwai mai giga 12 da mai giga 8. RX 580 tana da wata ƴar'uwa mai laƙabin 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin, wadda a zahiri ƙarfinta na RX 570 ne. Ga mai wasa a allo mai ɗigo 1920 sau 1080, giga 8 shi ne ƙasan abin da ya dace a saya yanzu. Sababbin wasanni sun fara cika shi, don haka wanda ya samu mai giga 12 a kusan farashi ɗaya, shi ya fi.

Katunan hannu, waɗanda ake cewa okaziyo, suna da nasu tarihin. Shekaru da dama an yi ta haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, dare da rana ba hutu, har zuwa Satumba 2022 da aka sauya tsarin aka daina. Daga nan katunan suka malalo kasuwannin duniya da araha, RX 580 na kan gaba. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke ɗauke zafi ya bushe. Mafi muni su ne na jabu: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa manhajar ciki ya riƙa nuna sunan GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, takan tona asirin irin waɗannan.

Furosesa da uwar allo

A kan furosesa, wadda ke yin lissafin kwamfuta gaba ɗaya, aka fi yaudarar mai saye, sau da yawa ba tare da an yi masa ƙarya ba. Kalmar "i7" matsayi ce kawai, ba ta faɗin shekaru. Core i7-2600 ta 2011 ce, Core i3-12100 kuma ta 2022, kuma wannan i3 ɗin ta fi waccan i7 gudu nesa ba kusa ba. Zamanin yana cikin lambar da ke bayan karan tsaye: 2600 zamani na biyu, 12100 zamani na goma sha biyu. Wannan ya ƙara nauyi tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, domin Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zamani na takwas, sai ƴan ƙalilan, ko Ryzen da ke ƙasa da jerin 2000. Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. F a furosesar Intel na nufin ba ta da na'urar hoto a cikinta, wato ranar da katin hoto ya mutu allo zai yi baƙi har sai an samo wani. A garin da kayan canji kan ɗauki makonni kafin su iso, ƴan kuɗin da aka rage da sayen mai F ba su kai wannan wahalar ba.

Kowace furosesa tana da mazauninta a kan uwar allo, wadda masu gyara ke kira kart-mer. Ryzen na AMD, da suka fara fitowa a 2017, sun daɗe a mazaunin AM4 mai aiki da RAM, wato wurin ajiyar wucin gadi na abin da ake aiki da shi, irin ta DDR4, sannan AM5 ya zo a 2022 da DDR5 kaɗai. LGA1700 na Intel ya ɗauki zamani na 12 zuwa na 14, kuma allunansa wasu na DDR4 ne wasu na DDR5. Ga mai ƙaramin ƙarfi, AM4 har yanzu zaɓi ne mai kyau, don ana iya farawa da Ryzen 5 a ɗaga daga baya ba tare da sauya uwar allo ba. Mai sayen Intel na zamani na 13 ko na 14 a hannu ya yi hattara: a 2024 kamfanin ya tabbatar da wata matsalar yawan wuta da ke lalata wasunsu a hankali, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar cikin uwar allo, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu.

Wasa ba ya neman furosesa mafi tsada. Mai ƙwaƙwalwa shida, Ryzen 5 ko Core i5 ta kwanan nan, ta wadatar, rarar kuɗin a kai wa katin hoto.

Wuta

Akwatin wuta, alimantasiyo, shi ke mayar da wutar bango ta bolt 220 zuwa ƙananan da kayan ciki ke sha. Ba a ganinsa ta gilashi, ba ya ƙara gudu, shi ya sa mai harhaɗawa ya fi rage kuɗi a kansa. Amma idan ya mutu yakan tafi da wasu kayan. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi.

Lissafin ba wuya. RTX 4060 tana shan wat 115, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, RTX 4090 kuwa wat 450. A haɗa da na furosesa da sauran kaya, a bar sarari mai yawa a sama. Kwamfuta matsakaiciya takan zauna lafiya da akwati na kirki mai wat 550 zuwa 650. Tambarin 80 Plus, da aka fara a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da aka ja tana kaiwa ga kayan, sauran ta zama zafi. Ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya, amma akwatin da ba shi da tambarin, ba shi da sunan kamfanin da aka sani, kuma aka ɗaga shi aka ji shi sakayau, abin gudu ne ko da an rubuta masa wat 800. Wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, idan kuma aka soka ta a bangon Yamai haka nan, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Ondilar, na'urar da ke riƙe wuta na ƴan mintoci idan an ɗauke, a lissafa ta cikin kuɗin kwamfutar tun farko. Ana rubuta ƙarfinta da VA, wanda ba ɗaya ba ne da wat. Ƙaramar mai VA 650 da aka saba gani a ofisoshi ba ta kai wat 400 ba, tana iya kashe kanta a tsakiyar wasa daidai lokacin da aka buƙace ta. Aikinta ba ci gaba da wasa ba ne, ba da damar kashe kwamfuta cikin tsari ne kafin a tayar da gurup. Batirinta na darma ne, zafi kuma yana rage masa kwana, sai an riƙa sauyawa. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, cire filogi daga bango ya fi kowace na'ura kariya.

Zafi da ƙura

Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar ɗakin. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi furosesa za ta ƙaru. Gwajin da aka yi a ɗaki mai digiri 22 ya nuna 75, a ɗakin Yamai marar kilima cikin Mayu sai ya haura 90. Furosesar Intel takan rage gudunta da kanta a wajen digiri 100, Ryzen 7000 a 95, don kada ta ƙone. Mai wasa ba ya ganin lambar, abin da yake gani shi ne ƙwallo ta fara tsalle-tsalle ana minti na saba'in.

Saboda haka gidan kwamfuta mai raga a gaba ya fi mai gilashi a rufe, komai kyan fitilunsa. Fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, a bayan matata, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. A ɗora ta kan tebur, ba a ƙasa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mutum zai ciro matatar bayan mako biyu ya tarar da ita ta yi ja kamar an barbaɗa mata garin jar ƙasa, ya shafa yatsa ya bar layi. Idan za a hura ƙurar, a kashe a cire filogi, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Batun sanyaya da ruwa kuwa, yana da kyan gani kuma yana aiki, amma yana da famfo, famfo kuma yakan mutu. Babban ƙarfe mai fanka ba abin da zai lalace a jikinsa sai fankar, ita kuma ana samunta a kowane shagon gyara. A wannan gari shi ya fi dacewa.

RAM da diski

A RAM, giga 16 ya zama gwargwado, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Windows da wasanni su zauna a SSD, wato diski marar juyawa. Na SATA yana kaiwa wajen mega 550 a daƙiƙa, na NVMe 3,500 zuwa 7,000, tsohon diski mai juyawa kuwa da ƙyar ya kai 200. Akwai wasannin da suka wuce giga 100, kuma ga wanda ke sayen intanet da awo, gogewa da sake saukewa asara ce ta gaske. Tera ɗaya ya fi giga 512 sauƙi idan an duba gaba.

A shago

Haɗaɗɗiyar kamfani tana da garanti, sai dai a tambaya ko yana aiki a Nijar, don wadda aka ɗauko daga Dubai ko Faransa wani lokaci sai an mayar da ita can. Wasu kamfanonin kuma suna sa uwar allo da akwatin wuta masu siffar kansu, waɗanda na kasuwa ba sa shiga gurbinsu. Haka abin yake ga tsofaffin kwamfutocin ofis irin OptiPlex da ake ƙara wa kati a sayar da sunan ta wasa. Ramin katin yana ba da wat 75 kawai, don haka sai ƙananan katuna irin wasu GTX 1650 marasa neman ƙarin waya. Ga yaron da ƙwallo kaɗai yake so, hakan ya isa, matuƙar an gaya masa iyakarta.

Wajen kwatanta farashi, sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Katin yuro 300 ya kama wajen jika 197 ke nan kafin kuɗin jigila da duwan da ribar mai shago.

Gani ya kori ji. Mai shago zai ce, "Ƙanena, ai i7 ce, ga fitilu, ba wasan da ba ta ɗauka." Amsar da ta dace ita ce, "Alhaji, a taimaka a kunna mini ita in ga lambobinta." Manhajar CPU-Z za ta faɗi cikakken sunan furosesa da yawan sandunan RAM, ta CrystalDiskInfo ta faɗi awoyin da diski ya yi yana aiki, sannan a buɗe wasa mai nauyi na rabin awa ana kallon zafi ana sauraren fanka. A sa a rubuta sunan kowane kaya da lambarsa a rasit. Ɗan kasuwa na kirki ba ya jin haushin wannan.

A gida, wayar allon kallo ta shiga bakin katin hoto da ke ƙasa, ba na uwar allo da ke sama ba, kuskuren da ya sa mutane da yawa suka zaci an cuce su. Allo mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, yakan tsaya a 60 har sai an ɗaga shi a saitin Windows. Allon rubutu na AZERTY da aka saba da shi a Nijar yana sauya maɓallan tafiya daga W, A, S, D zuwa Z, Q, S, D, wasu wasannin kuma sai an gyara musu da hannu. Wanda zai kai kwamfutarsa Tahoua, tafiyar sama da kilomita 500 ta Dosso da Dogonduci da Birnin Ƙonni, ya cire katin hoto ya naɗe shi daban, domin nauyinsa da girgizar mota suna iya tsaga raminsa. Gidan kuma a kwantar da shi uwar allo tana ƙasa, a riƙe shi kusa maimakon a tura shi cikin kaya a ƙarƙashin bas.