Kama da wane ba ta wane: yadda ake rarrabe cututtukan da alamominsu suka zo ɗaya

Mutum uku za su iya zama a benci ɗaya suna jiran ganin likita, kowannensu ya ce zazzaɓi da ciwon kai ne suka kawo shi. Na farko maleriya ce, maganin kwana uku ya ishe shi. Ta biyu ƙwayoyin cuta ne suka hau daga mafitsara suka kama ƙoda, maganin maleriya ba zai yi mata komai ba. Na uku sanƙarau ne, wanda kan iya kashe mutum cikin awa 24. Kuka ɗaya suka zo da shi, kuma da za a sallame su da magani ɗaya, biyu daga cikinsu sun shiga uku.

Zazzaɓi, ciwon ciki, tari, jiri da kumburi duk alamomi ne, ba sunayen cututtuka ba. Idan ma'aikacin lafiya ya ji koken mara lafiya, sai ya jera a ransa cututtukan da za su iya kawo shi, ya auna su da tambaya uku: wacce ta fi yawa, wacce ta fi saurin kisa, kuma wace tambaya ko wane gwaji ne zai raba tsakaninsu? Wadda ta fi saurin kisa ita ake fara korewa ko da ba ita ta fi yawa ba. Shi ya sa za ku ga ana yi wa mai ciwon ciki tambayar da yake ganin ba ta shafe shi ba.

Zazzaɓi

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka a nan za mu daɗe. Taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne. Ma'aunin zafi ake sa wa, kuma idan ya nuna 37.5 ko sama a hammata, akwai zazzaɓi. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya ta gwajin jini kafin a ba da magani. Gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Amma shi ma sai an iya karanta shi. Mafi yawan irinsa wani sinadari da ƙwayar cutar ke saki yake ganowa, kuma sinadarin kan yi makonni a jini bayan an warke. Wanda ya sha magani mako biyu da suka wuce, ya dawo da sabon zazzaɓi, gwajin na iya nuna maleriya alhali wata cuta ce daban ke cin sa. Haka nan a inda sauro ya yi yawa, mutane da dama na yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba. Saboda haka ganin maleriya a gwaji bai rufe ƙofar bincike ba. Idan kuma gwaji ya ce babu, kada a ce "a dai ba ni maganin ko da wane hali". A nemo abin da ke kawo zafin.

Sai taifot, wadda aka mayar abokiyar tafiyar maleriya a bakin mutane. Gwajin Widal da ake dogaro da shi tsoho ne, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifot a baya, ko ya yi allurar rigakafinta, ko ma mai maleriya, duk gwajin na iya hawa a jikinsu. A ganinmu, rubuta wa mutum maganin taifot saboda Widal guda ɗaya kawai sakaci ne. Abin da ke tabbatar da ita shi ne a ɗibi jini a reni ƙwayar a ɗakin gwaji, aikin da kan ɗauki kwanaki, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗibi jinin yana ɓata sakamakon. Taifot ta gaskiya zafinta hawa yake kullum kamar matakala a makon farko, da ciwon ciki, da taurin bayan gida ko gudawa, da kasala mai tsanani. Idan aka bar ta, wajen mako na 3 hanji kan huje, cikin ya yi tauri kamar katako, sai tiyata.

Sanƙarau kuwa wuya ake dubawa: mara lafiya ya kasa sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, ga amai, ga ƙin haske, ga ruɗewa. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba, sai dai maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono, kukansa ya canza. Ruwan ƙashin baya da ake ɗiba da allura shi ke raba gardama, kuma iyaye da yawa na tsoronsa fiye da yadda ya kamata.

Yaro mai zazzaɓi da tari, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance ba ya kuka. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, huhu ya kamu, namoniya ce har sai an tabbatar da akasin haka. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, duk zazzaɓin da ya yi na gaggawa ne, haka ma idan jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5. Ba a jiran gari ya waye.

Zazzaɓi da zafin fitsari da ciwon kwiɓi, ƙoda ake zargi. Zazzaɓi da jan ido da mura sannan ƙuraje su feso daga fuska, ƙyanda ce ke zuwa a rai. Zazzaɓi 'yan kwanaki bayan haihuwa ko ɓari, da ruwa mai wari, mahaifa ake dubawa.

Ciwon ciki

"Ulsa ce" ta ɓoye cututtuka masu yawa. Tambayar farko ita ce: nuna min wurin da yatsa ɗaya. Ta biyu: a nan ya fara, ko tasowa ya yi daga wani wuri?

Ciwon da ya fara a zagayen cibiya, bayan awa 12 zuwa 24 ya koma ƙasan ciki ta dama, da rashin son abinci da tashin zuciya, kuma tari ko girgizar mota na ƙara shi, afendis ne ake tunani. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu haɗarin fashewarsa na ƙaruwa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, idan ya fashe ciwon kan ɗan lafa, a ɗauka sauƙi ya samu, kafin ruɓar ta watsu cikin ciki gaba ɗaya. Mai irin wannan ciwo kada a ba shi maganin wanke ciki, kada kuma ya ci abinci kafin a duba shi, domin wataƙila tiyata za a yi.

Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara, gwajin juna biyu ake fara yi mata, ko da ta ce babu komai. Ba rashin yarda da maganarta ba ne. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi, yakan bayyana tsakanin mako na 4 da na 12: ɓatan wata, ciwo a ɓari ɗaya na mara, ɗan jini yana ɗiga. Idan bututun ya fashe jinin ciki yake zuba inda ido ba ya gani, sai jiri, da suma, wani lokaci da ciwo a saman kafaɗa. Ɗigon fitsari da hoton sikanin sun isa su ceci ranta.

Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da ke tashi bayan cin abinci mai maiƙo yana harbawa zuwa baya, tsakuwar matsarmama ce ko hanta. Wanda ke murɗawa daga kwiɓi ya gangara matse-matsi, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, da jini a fitsari, tsakuwar ƙoda ce. A lura da bambancin: mai tsakuwar ƙoda birgima yake yi, mai hujin hanji kuwa kwance yake ƙam, ko motsi ba ya so. Ciki ya kumbura, amai kore, ba bayan gida ba tusa, hanji ya toshe, kuma dole a duba matse-matsi da cibiya ko ƙaba ce ta maƙale. Yaro ko saurayi da ciwo ya sara masa farat ɗaya a maraina, yana amai, jijiyar ɗan marainan ce ta murɗe. Awa 6 ake da ita kafin ɗan marainan ya mutu, kuma kunya ce ta fi cinye waɗannan awoyi.

Ita kanta ulsar tana da sanadi. Mafi yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka danganta da gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna. Sanadi na biyu magungunan ciwon jiki ne irin su diklofenak da ibuprofen da asfirin, waɗanda ke cinye rufin tumbi. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta mai ƙarni, ko aman jini, alamar gyambon na zubar da jini ne.

Ƙirji da numfashi

Toshewar jijiyar zuciya ba kullum take zuwa da sara ba. Nauyi ne kamar an ɗora dutse a tsakiyar ƙirji, ya wuce minti 15, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi. A tsofaffi da mata da masu ciwon suga, tana iya zuwa da zafi a saman ciki ko haki kawai, a yi ta shan maganin ƙwannafi. Samun ɗan sauƙi bayan shan maganin ba hujja ba ce cewa zuciya lafiya take. Ƙa'ida ita ce a ɗauki zanen bugun zuciya cikin minti 10 da isowa, a kuma yi gwajin jini na tiroponin, sinadarin da ke nuna rauni a tsokar zuciya, wanda ake maimaitawa bayan 'yan awoyi domin ba ya hawa nan take.

Haki na farat ɗaya da ciwo lokacin jan iska, ga wanda aka yi wa tiyata, ko mai jego, ko wanda ya daɗe a kwance, musamman idan sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura, gudan jini ne ya tafi huhu. Ba a matsa irin wannan ƙafa. Mai sikila da ciwon ƙirji da zazzaɓi, gado ake ba shi, ba a sallama.

Tarin da ya kai mako 2, da rama da gumin dare, kaki ake gwadawa don neman tarin fuka, kuma na'urar GeneXpert na ba da amsa cikin kamar awa 2. Hakin da ke tsananta idan an kwanta, sai an tara matasai, da kumburin ƙafafu biyu, gazawar zuciya ce da ake yawan kira asma. Akwai kuma busasshen tari da wasu magungunan hawan jini irin lisinopril ke kawowa, wanda canza maganin kaɗai ke warkarwa.

Ciwon kai, shanyewa da sauransu

Yawancin ciwon kai na gajiya ne ko na ɓari ɗaya mai zuwa ya tafi. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya faɗo kamar tsawa, irin da mutum bai taɓa ji ba. Mai ciki da ta wuce mako 20, ko mai jego a makonni 6 na farko, idan ta yi ciwon kai da dishi-dishin gani ko ciwo a saman ciki, a auna jininta da fitsarinta nan take: 140/90 ko sama share fagen jijjiga ne.

Baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe: kafin komai a auna sukarin jini, domin idan ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL yana kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki, kuma sukari ke tashinsa. Shanyewar kanta iri biyu ce, toshewar jijiya ko fashewarta, kuma hoton ƙwaƙwalwa, irin na CT, shi kaɗai ke rabawa. Asfirin da ke taimakon na farko yana ƙara wa na biyu zubar jini, don haka ba a ba da shi a gida. Maganin narkar da gudan jini kuwa cikin awa 4 da rabi ake yin sa, shi ya sa za a dame ku da tambayar ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe.

Ido ya yi rawaya, shawara ce, amma daga ina? Jini ke fashewa, ko hanta ta kumbura, ko hanyar ɗaci ta toshe, inda za a ga bayan gida ya yi fari, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi. Jaririn da ya yi rawaya a ranar farko ta haihuwa na gaggawa ne.

Rabon mara lafiya a wannan aiki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bayanin da kuka bayar ya fi kowace na'ura taƙaita bincike. Ku zo da ranar da ciwon ya fara da abin da ya fara zuwa. Ku zo da kwalaye da kwalaben duk abin da aka sha, har da na gargajiya, domin "wani farin ƙwaya" ba ya gaya mana komai. Parasitamol da aka sha awa biyu kafin zuwa yana ɓoye zazzaɓi, sai a faɗa. Mace ta riƙe ranar al'adarta ta ƙarshe. Ku faɗi abin da kuke ji, ba sunan cutar da kuka yanke wa kanku ba.

Wani lokaci a ranar farko cututtuka biyu ba sa rabuwa, sai a ce ku dawo bayan kwana 2. Wannan jiran shi ma gwaji ne, don haka a dawo ko da an ji sauƙi, kuma a wurin da aka fara, inda bayanan farko suke. Amma idan kafin ranar mara lafiya ya kasa sha ko shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko numfashi ya yi wuya, ko jini ya fito ta ko'ina, a kawo shi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.