Haƙa da haƙo: wasali ɗaya ne tsakanin Kolmani da tankar mai

Tun ranar 22 ga Nuwamba 2022 da Shugaba Buhari ya je bikin ƙaddamar da aikin mai a Kolmani, can kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe, "haƙo mai" ta zama ruwan dare a rediyo da bakin 'yan siyasa. Kwanan baya a teburin mai shayi a Gombe na ji wani dattijo yana tambayar wani matashi: "Kai ɗan boko, tunda ana haƙo mai a bayan gidanmu, me ya hana lita sauka?" Ba laifin Baba ba ne, abin da aka zuba masa a kunne ke nan.

Ai harshenmu ya raba gardamar tuntuni. Wanda ya haƙa, rami ya yi. Wanda ya haƙo, abu ya zo hannunsa, kamar mai haƙo rogo. Abin da NNPC, kamfanin mai na ƙasa, ta yi a 2019 haƙa ce: rijiyar bincike ta biyu a Kolmani, mai zurfin ƙafa 13,701, wato fiye da kilomita huɗu, aka kuma tarar da mai da iskar gas. Shell ta haƙa ta farko a 1999, ta ci karo da gas, ta kama gabanta.

Kalmar "rijiya" ma tana ƙara dagula lissafi. Da an ambace ta, sai mutum ya hango guga da igiya da tafkin baƙin mai kwance a ƙarƙashin ƙasa yana jiran mai ɗiba. Babu wani tafki. Man yana maƙale ne a 'yan ƙofofin dutsen yashi, kamar yadda ruwa ke shiga jikin sabon tulu, dubban ƙafa na duwatsu kuma sun danne shi. Sannan ga zafi: kowace kilomita ɗaya da aka nutsa, yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. A rijiyar gida ƙarfi kake sawa ka jawo ruwa sama. A rami mai irin wannan zurfi, babban aikin shi ne hana abin da ke ƙasa tasowa da kansa. Ka girgiza kwalbar lemo a rana ka ɓalle murfin, za ka gane. Shi ya sa masu aikin ke ɗura wani taɓo mai nauyi, wanda ake haɗawa da garin dutsen barayit, ya cika ramin ya danne matsin. In taɓon ya yi sakayau, gas ya yi tsartuwa sama. In nauyinsa ya wuce kima, ya tsaga dutsen ya zurare. Tsakanin nan ake lallaɓawa, ƙafa bayan ƙafa. A 2010 rijiya ta kufce wa ma'aikata a tekun Meziko, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kusan wata uku yana kwarara.

Ganga fiye da biliyan ɗaya da aka sanar a wajen bikin kuwa ƙiyasi ne. Abin da ke cikin dutse daban, abin da za a iya tatsowa daban, kuma a yawancin filayen mai na duniya wanda ke fitowa ba ya kai rabi. Kafin a kai nan ma sai an ƙara haƙa wasu rijiyoyi don a san faɗin filin, a gwada ƙarfin kwararar, a shimfiɗa bututu, a samu matatar da za ta karɓa. Oloibiri, rijiyar mai ta farko da ta yi albarka a Najeriya, da aka gano a 1956, sai 1958 man ta ya hau jirgi, alhali teku na kusa da ita.

Ni dai ban ce ɗan siyasa bai san bambancin ba. Ya sani sarai. "Mun haƙa rami muna aunawa" ba ta tara tafi a filin kamfe, "mun haƙo" kuwa tana tarawa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai karanta labarai, da ya tashi da Hausa a baki, ya san saya da sayo, ya san aika da aiko, amma in ya zo kan Kolmani sai ya ɗauki takardar gwamnati ya karanto ta yadda aka miƙo masa.