Me ake nufi da jirgin yaƙi "mai aiki iri-iri"?

Tun da aka shiga maganar sayo jiragen M-346 guda 24 daga Italiya, kalmar Turanci "multirole", wato "mai aiki iri-iri", ta cika bakin masu sharhi a gidajen rediyon Abuja. Wasu na fassara ta da "jirgin da ya iya komai", 'yan siyasa kuma sun mayar da ita kirari. Wannan fassarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

A da, kowane jirgi da aikin da aka ƙera shi dominsa. F-7 ɗinmu, wanda China ta kwaikwaya daga MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, asalin aikinsa tare jirgin abokan gaba ne a sama. Alpha Jet kuwa na horar da matuƙa ne da kai ƙananan hare-hare. Mai aiki iri-iri shi ne jirgi ɗaya da zai iya faɗa da wani jirgin a sama, ya kuma iya kai hari ƙasa, gwargwadon kayan da aka ɗora masa.

Mu ɗauki JF-17 Thunder, wanda Pakistan da China suka haɗu suka ƙera, injinsa kuma na Rasha ne. Rundunar Sojin Sama ta ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a watan Mayun 2021. Wanda ya leƙa jikinsa zai ga marataya bakwai: biyu a bakin fukafukai, huɗu a ƙarƙashinsu, ɗaya a tsakiyar ciki. Sirrin kalmar yana nan. Yau masu gyara su rataya masa makamai masu linzami na kakkaɓo jirgi, gobe su sauke su sa bama-bamai, in tafiyar da nisa su ƙara tankin mai, wanda shi ma gurbin makami zai ci. Na'urar radar da ke hancinsa tana iya laluben sama, tana iya duban ƙasa. To amma duk abin da aka ƙara masa nauyi ne, nauyi kuma yana rage gudu da nisan zango. Ashe ba komai yake yi a tashi ɗaya ba, zaɓi ake yi tun yana ƙasa.

Sannan ba kowane jirgin soja ne jet ba. Super Tucano guda 12 da aka sayo ta hannun Amurka, aka ƙaddamar da shidan farko nan Abuja a Agustan 2021, farfela gare su a gaba. A ganina, a yaƙin daji irin namu sun fi dacewa: ba su da tsananin gudu, suna daɗewa suna shawagi, matuƙi na samun sararin tantance abin da ke ƙasa, ga sauƙin kuɗin tashi. JF-17 da ke zarce gudun sauti, amfaninsa na gaske tsare sararin samaniyar ƙasa ne.

Cakuɗa sunayen nan ba ƙaramin abu ba ne. A Disambar 2023, da bam ya faɗa kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, nan da nan aka yi ta yaɗa cewa "jirgin yaƙi" ne, aka ɗora wa sojin sama. Suka fito suka musanta. Daga baya sojin ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne maras matuƙi ya yi ɓarnar.