Adabin Takobi da Tsafi: Jigoginsa da Al'adun Tsara Labarinsa

Adabin takobi da tsafi reshe ne na ƙagaggun labaran al'ajabi, wanda ake ginawa a kan jarumi ɗaya ko biyu masu dogaro da ƙarfin damtse da kaifin ƙarfe, suna karawa da matsafa da dodanni da azzaluman sarakuna a wata duniya ta dauri da ba ta san bindiga ko injin ba. Galibi jerin gajerun labarai ne, kowane da nasa farko da ƙarshe, jarumin ne kawai ke haɗa su. Ya sha bamban da dogon labarin al'ajabi irin na J. R. R. Tolkien, inda rundunar alheri ke fuskantar rundunar sharri domin ceton duniya baki ɗaya. A nan abin da ake faɗa a kansa ƙarami ne kuma na kusa: ran jarumin, ko jakar zinariya, ko fansar wani da aka kashe masa.

Asali

Ana danganta kafuwar wannan salo da Robert E. Howard (1906–1936), marubuci ɗan jihar Texas ta Amurka, wanda ya riƙa sayar da labaransa ga mujallar Weird Tales da aka kafa a 1923. Labarinsa na Sarki Kull da ya fito a 1929 shi ake ɗauka a matsayin na farko, sannan a watan Disamba na 1932 ya fito da Conan, baƙauye daga duwatsun ƙasar Cimmeria, wanda ya zama ma'aunin duk jaruman da suka biyo baya. Marubuciya C. L. Moore ta kawo jaruma mace, Jirel ta Joiry, a 1934. Fritz Leiber ya kawo abokai biyu, Fafhrd dogo da Gray Mouser gajere, a 1939, kuma shi ne ya raɗa wa salon sunan da ake kiransa da shi a 1961, bayan Michael Moorcock na Ingila ya nemi a samo masa suna.

Jarumi

Jarumin wannan adabi bare ne a duk inda ya sauka. Ba shi da gida, ba shi da gona, sau da yawa ma ba shi da dangin da zai koma wurinsu. Yau ɓarawo ne, gobe sojan haya, jibi ɗan fashin teku, kuma marubucin ba ya wahalar da kansa wajen wanke shi daga waɗannan laifuka. Abin da ke sa mai karatu ya bi bayansa shi ne yana da ƴan ƙa'idoji da ba ya karyawa: ba ya cin amanar wanda suka yi alkawari da shi, ba ya gudu ya bar abokin faɗa, kuma zalunci a kan mai rauni yana tayar masa da hankali ko da ya zo ne da niyyar sata. Babu annabci a kansa, babu wata alama da aka haife shi da ita mai nuna shi ne zaɓaɓɓe. Hatta ubangijin da Howard ya ƙaga wa mutanen Conan, mai suna Crom, an ce yana bai wa mutum ƙarfi ranar haihuwa, daga nan kuma ba ya sauraron roƙon kowa.

Moorcock ya juya wannan siffa a 1961 da jaruminsa Elric, sarki zabiya mai raunin jiki, wanda sai da magunguna yake iya miƙewa. Ƙarfinsa daga baƙin takobinsa Stormbringer yake zuwa, takobin kuma rayuka yake sha, bai bar masoyiyar Elric da aminansa ba, a ƙarshe shi kansa ya kashe.

Tsafi da farashinsa

Jigon da ya fi kowane nauyi a wannan adabi shi ne cewa tsafi bashi ne, kuma ba a taɓa yafe shi. Matsafi yakan kasance tsoho mai dogon ilimi, wanda ya shekara yana tonon littattafan al'ummun da suka halaka, ya ƙulla yarjejeniya da wani abin da ya girmi ɗan Adam, ya sami iko, amma ya biya da imaninsa da tausayinsa, wani lokaci har da siffarsa ta mutum. Takobi kuwa abu ne da ake gani, maƙeri ya ƙera shi, hannu ya riƙe shi, ba ya ɓoye nufinsa. Saboda haka faɗan jarumi da matsafi faɗa ne tsakanin abin da mutum ya mallaka da guminsa da abin da ya aro daga duhu.

Labarin Howard na hasumiyar giwa, wanda ya fito a 1933, ya tattara kusan duk waɗannan al'adu a ƴan shafuka. Conan yana saurayi, yana zaune a wata mashaya ta unguwar ɓarayi a ƙasar Zamora, ya ji ana zancen wani lu'ulu'u da ke cikin hasumiyar matsafi Yara, wadda ba ɓarawon da ya yi kasadar hawa. A daren nan ya tsallaka katanga, ya haɗu da wani gwanin ɓarawo mai suna Taurus, suka wuce zakunan da ke gadin lambu, suka hau da igiya. Wani ƙaton gizo-gizo ya kashe Taurus a saman hasumiya. Da Conan ya sauka ciki, sai ya tarar da wata halitta mai kan giwa, makauniya, jikinta duk tabon azaba, wadda Yara ya tsare shekaru ɗaruruwa yana tatsar iliminta. Ɓarawon da ya zo sata sai tausayi ya kama shi. Halittar ta roƙe shi ya kashe ta, ya matse jinin zuciyarta a kan lu'ulu'un, ya kai wa Yara. Ya aikata hakan, lu'ulu'un ya haɗiye matsafin, hasumiyar ta rushe da asuba, shi kuma ya fita hannu rabbana. Wannan labari yana cikin mafiya kyau a salon, domin dodon da aka shirya mai karatu ya ji tsoronsa shi ne wanda aka zalunta.

Birni da daji

Jigo na biyu shi ne zargin wayewa. Birnin wannan adabi wuri ne na lunguna da mashaya da fadawa masu makirci, har ɓarayi suna da ƙungiya da shugabanni, kamar a birnin Lankhmar na labaran Leiber. Howard ya yi imani cewa kowace daula tana tashi da ƙarfi, ta yi ƙiba, ta ruɓe, sannan mutanen daji su zo su share ta, shi ya sa kufai da rusassun gidajen bauta suka cika labaransa.

Yadda ake tsara jerin

Yawancin al'adun tsarin sun samo asali ne daga kasuwar mujallu, inda ake biyan marubuci bisa yawan kalmomi, kuma dole kowane labari ya tsaya da ƙafarsa ga wanda bai karanta na baya ba. Don haka ake buɗewa da motsi, a taƙaita bayanin duniya, a bar sunayen ƙasashe da gumaka su faɗo cikin hira kamar kowa ya san su. Wani lokaci akan ɗora ƴan layuka a kan labari daga wani tarihi ko waƙar da marubucin ya ƙaga, domin a ji kamar tsohon kundi ne. Dukiyar da aka sha wuya a kanta takan salwanta a ƙarshe, ko ta ƙare a caca da shaye-shaye, don jarumin ya wayi gari da talaucin da zai tura shi wata kasadar. Ba a kuma damu da jeranta shekaru ba: a labarin Conan na farko ya riga ya zama sarkin Aquilonia, kuruciyarsa daga baya ta zo. Wannan tsari ya ratsa zuwa mujallun zane na Marvel daga 1970, da wasan Dungeons & Dragons na 1974, da fim ɗin Conan na 1982, da labaran Geralt mafarautin dodanni da Andrzej Sapkowski na Folan ya fara a 1986.

Suka

Tsofaffin labaran suna da aibin da bai kamata a rufe ba. Mata a cikinsu sau da yawa ganima ce ko abin ceto, baƙar fata kuma ana nuna su a matsayin mutanen daji marasa tarihi. Charles R. Saunders (1946–2020), baƙar fata haifaffen Amurka, ya mayar da martani da jaruminsa Imaro, wanda littafinsa ya fito a 1981, a wata nahiya mai suna Nyumbani da ya gina daga daulolin Afirka da al'adunsu. Ya kuma ƙirƙiri jaruma Dossouye bisa tarihin mayaƙa mata na Dahomey.

Kusancinsa da labaran Hausa

Mai karatu a Damagaram ba zai ji baƙunta sosai ba. Baƙo mai takobi da ya iso gari ya kashe abin da ya hana mutane ruwa shi ne Bayajida a rijiyar Kusugu ta Daura. Littafin Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, na 1934, ya kai jaruminsa har ƙasar aljanu, kuma littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, waɗanda yanzu matasa ke sauraron karatunsu a wayar salula, cike suke da sadaukai da bokaye da tsibiran tsafi. Ganuwar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da fadar Sultan da tarihin yaƙe-yaƙen Sarkin Damagaram Tanimun a ƙarni na 19 sun isa su ba marubuci filin irin wannan labari.

Bambancin yana wurin asiri. Jarumin Howard yana ƙyamar tsafi, yana fuskantarsa da ƙarfe tsirara. Jarumin Hausa kuwa da shirinsa yake fita: maganin ƙarfe, da layar zana, da baduhu, da guru a ƙugu. Haka ɗan tauri yake, haka ɗan kokawa ke shiga fili da layu a damtse yana neman takobin ƙasa, gasar da ake yi a Nijar tun 1975. A labarin Hausa ba a raba ƙarfi da asiri gida biyu, ana tambaya ne daga ina asirin ya fito, daga addu'ar malami ko daga boka mai yanka wa iskoki. Nasara kuma ba ta damtse kaɗai ba ce, marubucin yakan mayar da ita ga ikon Allah, shi ya sa sadaukin littattafan yaƙi yake yawan ƙarewa da musuluntar da birnin da ya ci, abin da babu shi a labaran Howard ko na Leiber.